Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministar Al'adu: bangonmu na zubewa, masu zana shi na ƙarewa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranki ya daɗe Hajiya Hannatu Musa Musawa, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya ke da iyali da duk ma'aikatanki, Allah ya taya ki riƙo ya sa ki gama lafiya.

Ni malamin zane ne a wata ƙaramar sakandare a Zariya, shekarata 11 ina koyarwa, kuma jikan magini ne ni, kakana na wajen uba aikinsa kenan har ƙarfinsa ya ƙare. Na daɗe inaso in rubuto miki sai in ce bari dai, wa zai karanta, amma abin da ya faru a gidanmu da daminar da ta wuce ya sa na kasa yin shiru kuma.

Zauren gidanmu kakana ne ya gina shi da hannunsa, shi ya zana fuskarsa. Ruwa ya ci gindin bangon shekara da shekaru ba a yaɓe ba saboda babu wanda ya iya, wanda muka samu ya zo ya shafe ƙasan da siminti, sai simintin ya riƙe danshi a ciki ƙasa ta ruɓe ta baya ba mu sani ba, ranar da aka kwana ana ruwa da asuba sai muka ji gum, rabin fuskar zauren ya kwanta a titi. Alhamdulillahi ba wanda ya ji rauni. Iyayenmu suka zauna suka yanke shawarar a ƙarasa rushe shi a yi shaguna na bulo, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, gida cike da marayu da tsofaffi, kuɗin haya zai taimaka. Ni dai abin da na iya yi shi ne na shiga cikin ɓaraguzan na ciro wani ɓalli da bai kai faifai biyu ba, akwai rabin dagi a jikinsa, kuma in ka duba da kyau za ka ga shatin yatsan kakana inda ya danna ƙasar tana ɗanya. Yana nan a ɗakina na naɗe shi da tsohon zanen kakata.

Ranki ya daɗe bari in ɗan gaya miki yadda nake ganinsa yana aiki ina yaro, don sai an san abu ake jin zafin rashinsa. Bayan an gama jera tubali bango ya bushe, sai ya sa a kwaɓa ƙasa mai laushi wadda ta kwana ta tsumu, ya yaɓa ta da kauri, tun ba ta bushe ba ya tsaya ya ɗan ja baya ya kalli bangon shiru, babu takarda babu fensir babu abin awo, sannan ya matso ya fara ja da yatsa. In ya gama fitar da layin sai ya ɗauki ƴar wuƙarsa da ta cinye ta zama siririya ya dinga rage ƙasar gefe har zanen ya taso ya yi tudu, yadda in hantsi ya daka inuwa za ta kwanta a cikin kwarin zanen, da yamma kuma ta juya ɗaya gefen, wato bango ɗaya amma kamanninsa da safe daban da la'asar daban. Daga nan sai makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, har yau in na ji warin jiƙaƙƙen ɓawon ɗorawa shi nake tunawa. Inda ruwa ke yawan duka kamar saman soro da zankwaye da bakin indararo kuma laso ake sa wa, shi ko laso da katsi ake yinsa, wato dattin da ke kwanciya a ƙasan rijiyar marina a ƙona shi, a haɗa da gashin akuya daga majema da kuma dafara. Kin ga kenan magini ba shi kaɗai yake ba, yana jingine da marini, yana jingine da majemi, yana jingine da mai saro azara daga giginya, in marina ta mutu laso ya mutu ko da maginin na da rai. Marinar Ƙofar Mata a Kano da aka rubuta 1498 a ƙofarta, duk wanda ya leƙa ya san ramukan da aka daina amfani da su sun fi masu aiki yawa.

Kuma zanen nan ba ado ne kawai ba, magana yake. Kafin ka yi sallama bango ya riga ya gaya maka gidan waye. Gidan malami za ka ga allo, gidan sarauta takobi, attajiri ya cika fuskar gidansa tun daga ƙasa har zanko babu wurin sa hannu. Da zamani ya zo magina basu guje shi ba, sun sa shi a bango, akwai gidajen da aka zana keke, wasu agogo, wasu mota, wasu jirgin sama. A layinmu akwai wani gida mai keke a saman ƙofa, kakana ya ce mai gidan ne ya fara sayen keke a unguwar shi ya sa ya ce a sa masa. Wannan gidan ma yanzu tayil ne a fuskarsa.

To abin da ya fi ci min rai ba bangon ba ne ma, yaran da nake koyarwa ne. Duk shekara in ƴan aji ɗaya suka shigo aikin farko da nake basu shi ne kowa ya zana gidansu. Wallahi ranki ya daɗe mafi yawansu abu ɗaya suke kawo min, akwati mai murabba'i, rufi mai tsini, taga biyu, da bututun hayaƙi a sama hayaƙi na fita. Yaron da aka haifa a cikin ganuwar Zazzau, wanda kullum ta cikin zaure yake fita ya taho makaranta, bai taɓa ganin gida mai bututun hayaƙi da idonsa ba, amma a ransa in an ce gida a takarda to wancan ne gida, nasu bai cancanci a zana ba. Ba wanda ya faɗa masa haka da baki, littafin firamare ne ya faɗa masa, katun na talabijin ya ƙara masa. Akwai wata yarinya da na ga tana ɓoye bayan littafinta da hannu, na ce mu gani, ashe zanen lalle ta cika shafin da shi, layukan sun fita tsaf ba rawar hannu, ta fi kowa a ajin iya riƙe biro, amma sai ta ce min malam yi haƙuri ba zane ba ne wasa nake. Na rasa abin da zan ce mata na ɗan lokaci. Yarinya ta gaji abu daga uwarta da kakarta ta iya shi, kuma an sa ta yarda cewa ba komai ba ne.

Abin mamakin shi ne a garin nan namu aka yi wannan yaƙin aka ci nasara, amma wasu suka ci moriya. A 1958 ɗaliban sashen zane na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyarsu, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da sauransu, suka ce ba za su zauna suna kwaikwayon abin da malamansu Turawa suka zo da shi kawai ba, za su ɗauki dabarar zamani su haɗa da abin da suka gada. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, ya mayar da shi abin da duniya ke nazari a jami'o'i. Ina jinjina musu ƙwarai, ba hassada a maganata. Amma ki duba, a Zariya suka gane darajar zanen iyayensu mata, alhali mil kaɗan daga ajinsu ga bangon birnin Zazzau cike da zane, mu masu shi muka bar shi ruwa na wankewa.

Kuma ba ƙananan mutane muka gada ba. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ƙasa da azara ya ɗaure bakan gizo da har yau masu karatun zanen gini a ƙasashen waje suke nazarinsa, ginshiƙan ciki duk da zane a jikinsu. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu ya sa sun huta. A wannan watan dai aka rantsar da ke minista. Ba na manta yadda mutane suka dinga cewa ai ginin ƙasa ne dole ya faɗi, na ji ciwon maganar nan, domin ginin da ya kusa shekara 190 a tsaye ba za a ce ƙasa ce ta gaza ba, ginin ƙasa kamar dabba yake sai da kiwo, kowace shekara yana son a duba shi a yaɓe a gyara indararo a canja azarar da gara ta ci, kuma masu sanin yadda ake wannan kiwon su ne suke ƙarewa.

Na san ana ƙoƙari wajen dawo da kayan tarihin da aka kwashe. Kayan tagulla na masarautar Benin da sojojin Ingila suka wawashe a 1897, Jamus ta sa hannu a 2022 ta mayar wa Najeriya mallakar sama da guda 1,100, Holan ta dawo da 119 a 2025, na yi murna har raina, haƙƙi ne ya koma ga masu shi. Haka na yi murna da UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Amma ranki ya daɗe namu na nan ba Bature ne ya ɗauke ba balle mu rubuta masa takarda ya dawo da shi. Tagulla tana iya shekara 100 a akwatin gilashi a Berlin ta dawo lafiya lau, bangon ƙasa damina uku ba kulawa ya tafi, kuma ilimin ba a littafi yake ba, a hannun tsofaffi yake, ranar da aka kai tsoho makwancinsa an binne da shi. Ko hawan sallar ma in kika cire aikin dukawa da maƙera da masu ɗinkin aska takwas da masu saƙar kayan doki me ya rage, mutum ne a kan doki kawai.

Bari in taɓa abin da mutane ke jin nauyin faɗa. Da yawa daga iyayen yara suna zuwa su ce min malam ba ma so ɗanmu ya yi zane haramun ne. Ni ba malamin addini ba ne kuma ina girmama damuwarsu, amma nakan ce musu maganar da malamai suka yi a kan surar abu mai rai ce, to dagi fa, zayyanar allon sauka fa, adon da alarammomi ke yi a farkon sura da wurin hizifi da sujada in suna rubuta Alƙur'ani da hannu da alƙalamin kara da tawada fa, hular da ke kanka fa? Kakanninmu malamai ne masu tsoron Allah kuma su suka ƙawata masallatai da wannan zanen. Mafi yawan iyayen in na faɗi haka sai su yi shiru su ce ai ba su ɗauka wannan ma zane ba ne. Kin ga matsalar ɗaya ce da ta yarinyar nan mai lalle, kalmar zane an mayar da ita ta wasu, namu an cire shi daga ciki.

Sai kuma masu cewa ginin ƙasa talauci ne. Na fahimce su, wanda ya kwana ɗaki na yoyo ba za ka yi masa wa'azin al'ada ba, kuma ni ban ce kowa ya koma ɗakin laka ba. Amma a dubi maƙwabtanmu. A Mali duk shekara mutanen Djenne suke fitowa gari guda su yaɓe babban masallacinsu, ya zama biki, yara na ɗaukar ƙasa suna koyo ba tare da an ce musu darasi ba ne. Tsohon garin Agadas a Nijar ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. A Burkina Faso gidan sarautar Tiebele da mata ke zana bangonsa da hannu ya shiga a 2024. Ɗan ƙasar tasu Francis Kere, wanda ya fara da gina makarantar firamare da tubalin ƙasa a ƙauyensu Gando a 2001, shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker a 2022, kyautar da ta fi kowace girma a harkar zanen gini. Mu kuwa duk girman Najeriya wurare biyu kacal gare mu a jerin, Sukur a Adamawa 1999 da dajin Osun na Osogbo 2005. Badalar Kano tun 2007 take jerin masu jira, kuma kowa na ganin yadda ake cinye ta ana gini a kanta.

To me nake roƙo? Babban abin da nake roƙo, wanda in shi kaɗai aka yi na gode, shi ne a nemo tsofaffin maginan da suka rage tun suna numfashi. Ba wuya, sarakunan magina suna nan a masarautu, Zazzau da Kano da Katsina da Daura da Bauchi da Sakkwato, su sun san waye ya iya waye bai iya ba. A rubuta sunayensu, a ɗauki aikinsu a bidiyo daga kwaɓa ƙasa har shafa makuba, da bakinsu da Hausarsu suna faɗin sunan kowane zane, sannan kowane tsoho a haɗa shi da matasa ko da biyar ne, a dinga biyan tsohon a dinga ba yaran ɗan abin da za su riƙe kansu na shekara biyu ko uku, don yaro ba zai zauna koyon sana'a da yunwa ba alhali ga acaba na kawo kuɗi kullum. Dan Allah kar a mayar da shi taron bita na kwana biyu a otal a Abuja, aikin nan a jikin bango ake koyonsa, da rana, hannu cikin ƙasa. Mun taɓa ganin irin haka ta yi aiki, cibiyar koyon tukwane da aka buɗe a tsohuwar Abuja wato Suleja a farkon shekarun 1950 ita ta fito da Ladi Kwali, ƴar Gbagyi da ta koyi ginin tukunya a gida tun tana yarinya, yau ga hotonta a bayan naira 20.

Amma koyo ba kasuwa banza ne, yaran za su watse. Gwamnati ita ce babbar mai gini a ƙasar nan, makarantu, asibitoci, sakatariya, tashoshin jirgi, ƙofofin gari. In aka sa a cikin takardar kwangila cewa wani ɗan kaso na kuɗin ginin gwamnati zai tafi ga aikin masu fasahar yankin da ake ginin, a Zariya a sa zanen Zazzau, a Bida a sa aikin Nufawa, a Maiduguri na Barebari, to magini ya samu abin yi, kuma attajirai za su biyo baya don mun san halinmu, abin da aka gani a gidan gwamnati shi ake yayi. Yanzu ma akwai masu zuba dagi da siminti a mulmula a manna a get, ban raina ba, alama ce mutane na so, amma dagi ɗaya ne ake ta maimaitawa kamar hatimi, alhali kakana shi kaɗai ya san zane iri-iri da kowanne da sunansa.

Maganar littafin makaranta na san ba ofishinki ba ne kai tsaye, na ma'aikatar ilimi ne, amma kina zama da su a majalisar zartarwa, ki taya mu faɗa. Darasin al'adu da fasaha na ƙaramar sakandare ya kamata yaron Jigawa ya buɗe ya ga zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, na Kaduna ya ga kawunan Nok da aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza, na Katsina ya ga hasumiyar Gobarau, a kuma ce masa zanen ƙwaryar da ke rataye a ɗakin kakarsa shi ma fasaha ne. Gidajen tarihi irin Gidan Makama kuma a sa bayani da Hausa, na boko da na ajami, kusa da na Turanci, na taɓa kai ɗalibai wani gidan tarihi tare da wani dattijo da ya raka mu, ya tsaya gaban kayan da irinsu ya yi amfani da su a ƙuruciyarsa, amma sai da jikarsa ta karanta ta fassara masa abin da aka rubuta a kai.

Sai kuma gidajen da suka rage a tsaye a cikin birane, ko ɗan tallafin yaɓe na shekara-shekara aka ba masu su kafin damina, da yawa ba za su rushe ba. Da mu an samu mai iya yaɓe da ɗan abin biyansa da zauren kakana na nan.

Ranki ya daɗe ke ƴar Katsina ce, ba sai na yi miki dogon bayanin menene soro ko zaure ba, kin shiga kin ji sanyinsu da rana tsaka. Akwai wani tsoho ɗaya da ya rage cikin yaran kakana, yanzu idonsa ya fara rauni, hannunsa na ɗan rawa in ya ɗauki kofin shayi, amma ranar da na kai masa ɓallin bangon nan ya shafa shi da tafin hannu ya faɗa min sunan zanen, ya faɗa min daga ramin da aka ɗebo ƙasar, ya ce shi ya kwaɓa ta yana saurayi. Na ce Baba in na kawo yara za ka koya musu? Ya ce in dai za su zauna. Na tara yara 6 daga ajina, har da yarinyar nan mai lalle da izinin mahaifinta, duk Asabar muna zuwa, mun ta da ɗan guntun bango a bayan gidansa muna yaɓawa muna rushewa muna sake yaɓawa. Kuɗin ƙasa da na motar yaran daga albashina nake cirewa, kuma in kin shigo Zariya ko kin turo wakili, Asabar da hantsi ake samunmu.

Wassalam, na gode.

Naki mai biyayya,
Malamin zane, jikan magini, daga birnin Zazzau